Karatun dokar kamfanoni, haƙƙin mai saye da dokar muhalli a jami'o'in Arewacin Kamaru: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara da zarar sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito sai tambayoyi su fara zuwa, wasu daga yaran da suka ci, wasu daga iyayensu, yawancinsu 'yan kasuwa na Garwa da Marwa da Ngaundere, har da 'yan'uwa na Kuseri da Njamena. Da yake kusan iri ɗaya ne, na ga gara in tara su wuri guda, kowace yadda aka saba yin ta.

Dokar kamfanoni kawai nake so. Zan iya shiga sashenta kai tsaye bayan bak?

A'a, ƙanena. A jami'o'in gwamnati tsangayar doka da kimiyyar siyasa ake shiga, wadda ake taƙaita sunanta FSJP, kuma kowa ƙofa ɗaya yake bi. Shekaru biyu na farko tare za ka zauna da mai son zama alƙali da mai son zama sufirefe, wato mai mulkin gunduma: dokar mutum da iyali, tsarin mulki, dokar laifuka, dokar gudanar da hukuma, dokar yarjejeniya da alhaki. Galibi sai a shekara ta uku hanya take rabuwa, wasu su bi dokar mu'amala tsakanin mutane, wasu dokar hukuma, wasu kimiyyar siyasa. Dokar kamfanoni da ta mai saye suna ɓangaren farko. Dokar muhalli ta fi zama a ɓangaren hukuma. Ƙwarewa ta sosai a mastar ake yin ta. Tsarin LMD ake bi: lisans, wato digirin farko, shekara 3, mastar 2, dakta 3.

Abin da yara ke rainawa shi ne darasin yarjejeniya da alhaki na shekara ta biyu, alhali duk fannonin nan uku a kansa suke tsaye. Har yau yankunan Kamaru masu Faransanci da tsohon kundin dokar mu'amala na Faransa na 1804 suke aiki. Sashe na 1134 ya ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida doka ce ga waɗanda suka ƙulla ta. Na 1382 ya ce duk wanda kuskurensa ya jawo wa wani ɓarna, gyara na kansa. Na 1641 ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi. Wanda bai fahimci waɗannan ba, ko ya kai mastar hadda kawai zai yi ta yi.

A ina ake karatun a nan Arewa?

Wuri uku. Jami'ar Ngaundere ita ce ta fi daɗewa, ta zama cikakkiyar jami'a a gyaran 1993, tana Dang, kamar kilomita 15 daga gari. An kafa ta Marwa a 2008. Ta Garwa kuwa a watan Janairun 2022 aka kafa ta, tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa, amma tun kafin nan akwai reshen tsangayar doka ta Ngaundere a Garwa, saboda haka karatun doka ba baƙo ba ne a garin. Jerin fannonin mastar yakan canja daga shekara zuwa shekara, ka duba sanarwar tsangayar ta shekarar da za ka shiga.

Me ake buƙata, kuma nawa ne?

Bak, ko GCE na gaba ga waɗanda suka bi ɓangaren Ingilishi. Ana fara rajista ta intanet kafin a kai takardu. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara tun 1993. Mastar ta sana'a ta fi haka tsada sosai. Abin da ke cin aljihun uba shi ne hayar ɗaki a Dang, abinci, kuɗin kwafar takardu da na mota, a yi lissafinsu tun daga gida. Wanda bai samu bak ba akwai kafasite, karatun share fage na shekara biyu da kan buɗe masa ƙofar lisans idan ya yi kyakkyawan sakamako.

Kowa sai ya ce OHADA. Mece ce ita?

Ƙungiya ce ta ƙasashen Afirka da suka haɗa dokar kasuwancinsu ta zama ɗaya, kuma dokarta ce ake aiki da ita a kasuwar Garwa yau, ko 'yan kasuwar sun sani ko ba su sani ba. A ranar 17 ga Oktoban 1993 aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Port-Louis ta tsibirin Morishiyos, aka sabunta ta a Kebek a 2008. Babban alƙalin nan ɗan Senegal, Keba Mbaye, shi ya ja ragamar shirya ta. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Kamaru da Chadi da Nijar. Nijeriya ba ta ciki. Sakatariyarta tana Yawunde, makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta ERSUMA tana Porto-Novo, babbar kotunta CCJA tana Abijan.

Dokokinta na bai-ɗaya ne, ba sa jiran majalisar kowace ƙasa ta amince da su, kuma sukan ture duk dokar ƙasa da ta saɓa musu. Akwai ta kasuwanci gaba ɗaya, ta kamfanoni (an yi ta a 1997, aka sabunta a Wagadugu a 2014), ta jingina, ta karɓo bashi da zartar da hukunci (an sabunta a 2023), ta kamfanin da ya durƙushe, ta sulhu, ta lissafin kuɗi, ta jigilar kaya a mota, ta ƙungiyoyin gama-kai. Ga abin da ke ba ɗalibai mamaki a karon farko: idan rigimar kamfani ta tashi a kotun Garwa, ta wuce kotun ɗaukaka ƙara ta yankin Arewa, matakin ƙarshe ba Kotun Ƙoli ta Yawunde ba ce, Abijan za a je. Idan CCJA ta rushe hukunci kuma ba ta mayar da shari'ar gida, da kanta take yanke ta.

Ribar ɗalibi a nan a fili take. Abin da ka karanta a Dang shi ake aiki da shi a Njamena da Yamai da Dakar.

Ni Alhaji ne, tun kakanni muke fatauci ba takarda. Me yaron zai koyo da zai amfane mu?

Ranka ya daɗe, bari in kawo abin da ke faruwa kullum. 'Yan'uwa uku suka haɗa kuɗi suna sayen albasa suna kaiwa Duwala. Ba rubutu, ba suna, amana ce kawai. A wurinsu babu wani kamfani. A wurin doka kuwa, idan kowa ya zuba wani abu, suna raba riba da asara, suna aiki kamar abokan tarayya, alƙali na iya cewa kamfani ne a aikace. Da zarar ya faɗi haka, hukuncin kamfanin da kowa ke ɗaukar bashin kowa ne yake hawa kansu. Wato idan ɗaya ya ci bashi da sunan harkar, mai bashi na iya bin wanda ya fi ƙarfi a cikinsu ya nemi kuɗinsa duka, har ya kai ga gidansa da shanunsa. Da sun yi SARL, wato kamfani mai iyakantaccen alhaki, asarar kowa ba ta wuce abin da ya zuba ba, sai fa idan ya tsaya wa kamfanin da kansa a banki. Dokar Kamaru ta Disamban 2016 ta sauko da mafi ƙarancin jarin SARL zuwa sefa 100,000, kuma mutum ɗaya ma na iya kafa ta. Babban kamfani na hannun jari, SA, shi ne ke buƙatar sefa miliyan 10. A Garwa akwai ofishin CFCE inda ake haɗa takardun kafa kamfani a wuri ɗaya. Ga ƙaramin mai sana'a kuma, tun 2010 OHADA ta buɗe masa matsayi mai sauƙi wanda sanarwa kawai yake buƙata a rajistar kasuwanci ta RCCM.

Na biyu, hayar shago. Ɗan kasuwar da ya yi shekara biyu yana sana'a a shagon haya bisa sharaɗin yarjejeniya yana da haƙƙin a sabunta masa. Idan mai shago ya ƙi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, sai ya biya diyyar tashi. Amma idan hayar mai wa'adi ce, dole ɗan haya ya nemi sabuntawar a rubuce wata uku kafin wa'adin ya cika, in ba haka ba haƙƙin ya faɗi. Mutane da yawa sun rasa shago saboda wannan wata ukun.

Na uku, bashi. Tsakanin 'yan kasuwa, bashin da aka bari shekara biyar ba a nema ba kotu ba ta sauraron sa, kuma a cinikin kaya tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa wa'adin shekara biyu ne kacal. Kunya da kara sukan sa mu yi shiru har lokaci ya ƙure. Akwai kuma hanya mai sauri ta neman umarnin biya daga shugaban kotu, amma sai bashin ya tabbata, an san adadinsa, kuma lokacin biya ya yi. Ko 'yar takarda mai sa hannu ta isa ta canja labarin.

Sai babban abin da ke rushe gidajen kasuwa, rasuwar maigida. Idan dukiyar kasuwa da ta gida a haɗe suke, rabon gado yakan wargaza shagon da aka yi shekara talatin ana ginawa. Idan kamfani ne, hannun jari ake rabawa, kasuwa ta ci gaba da tafiya. Ni a ganina ɗan ɗan kasuwa ya fi kowa dacewa da wannan karatu, domin ya san dillali, ya san lada, ya san yadda ake ba da kaya bashi zuwa kasuwa mai zuwa. Abin da abokan karatunsa ke haddacewa a littafi shi ya gan shi da ido. Rubutu ne ya rage masa.

Da gaske akwai dokar da ke kare mai saye a Kamaru?

Akwai, doka mai lamba 2011/012 ta 6 ga Mayun 2011. Ta soke duk sharaɗin da ke wanke mai sayarwa daga alhakin kayansa masu aibi, saboda haka rubutun nan na jikin rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa ba ya kare wanda ya sayar da injin ban-ruwa mai ɓoyayyen lahani. Ta wajabta a rubuta yarjejeniyoyin da kamfani ke shiryawa shi kaɗai da Faransanci da Ingilishi, da haruffan da ido ke iya karantawa. Idan mai sayarwa ne ya biyo ka da tallarsa har ka saya, kana da damar janyewa cikin kwanaki da ba su wuce 14 ba. Ta tanadi kwamitin sasanta ƙorafi a kowace gunduma, ta kuma ba ƙungiyoyin masu saye damar kai ƙara a madadin jama'a.

Ba ita kaɗai ake karantawa ba. Akwai dokar ciniki ta intanet ta 2010, dokar harkar kasuwanci ta 2015, umarnin 2019 na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, da ya nemi ƙasashenta shida su daidaita kariyar mai saye, da ƙa'idar 2020 kan abokan hulɗar bankuna. Akwai hukumomi: ANOR mai kula da ingancin kaya, ART ta sadarwa, ARSEL ta wutar lantarki. Tushen fannin a duniya ana danganta shi da jawabin shugaban Amurka Kennedy na 15 ga Maris 1962, shi ya sa ake bikin ranar haƙƙin mai saye a wannan rana.

To me ya sa ba ma ganin aikinta?

Saboda an rubuta ta ne da tunanin kanti mai rasit, mu kuma yawancin cinikinmu a tebur da baro ake yi. Wanda ya sayi zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, a kwalba a bakin titi ya lalata masa babur, wa zai kai ƙara, da wace shaida, alhali sayar da man ma haramun ne a doka? Haka maganin tebur, haka taki da maganin ƙwari da aka cika a buhu da kwalbar wani kamfani. Ga kuma lissafi: ba mai ɗaukar lauya saboda sefa 3,000 da suka ɓace a Orange Money ko MTN MoMo, ko da mutum dubu ne abin ya shafa. Sharaɗin harsuna biyu ma, yana da kyau, amma uwar da ke Hausa da Fulatanci kaɗai bai tsinana mata komai ba.

Ba na faɗin haka don in kashe wa kowa gwiwa. Wannan giɓin shi ne aikin. Ƙungiyoyin masu saye da suka fi ƙarfi suna Duwala da Yawunde. Wanda zai iya tara ƙorafin mutum ɗari, ya rubuta wa hukuma wasiƙa mai hujja, ya dawo ya yi wa mutane bayani da harshensu a rediyo, shi ake nema a nan. Sai dai a faɗi gaskiya, fannin shi kaɗai ba ya ciyar da mutum, a haɗa shi da dokar kasuwanci.

Dokar muhalli ba ta Turawa ba ce? Mu da ke fama da abin kai wa baki?

Wanda ya ga abin da madatsar Maga ta yi ba zai ce haka ba. An gina ta a 1979 don noman shinkafa na kamfanin SEMRY, sai ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadamun Logon ta ragu, ciyawa ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci, makiyaya da masunta suka shiga wahala, dabbobin gandun Waza ma haka. Sai a 1994 aka fara sake buɗe wa ruwa hanya zuwa wani sashe na fadamar. A lokacin da aka yi ginin babu dokar da ta tilasta a tambayi kowa. Yanzu akwai. Tsarin mulkin 1996 ya amince da haƙƙin kowa na zama a muhalli mai lafiya, sannan doka mai lamba 96/12 ta 5 ga Agustan 1996 ta kafa ginshiƙai: rigakafi, taka-tsantsan, wanda ya gurɓata shi ke biya, da sa jama'a cikin shawara. Babban aiki ba ya farawa sai an yi nazarin tasirinsa, kuma dokar firaminista ta Fabrairun 2013 ta raba nazarin mataki-mataki, ƙananan ayyuka a hannun ƙaramar hukuma, manya a hannun ma'aikatar muhalli, tare da zaman jin ra'ayin mutanen wurin. Wanda ya taɓa halartar irin wannan zaman ya san sau da yawa rahoto mai kauri ake karanta wa mutanen ƙauye da Faransanci, su tafa, a tashi.

Wani sashe na dokar 1996 da nake son ɗalibai su lura da shi shi ne wanda ya ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rikicin ruwa da makiyaya bisa al'adar wuri, ba tare da an hana kowa zuwa kotu ba. Ke nan lamiɗo da lawan da jauro suna cikin dokar, ba a gefenta suke ba. Akwai kuma kwamitin rikicin manoma da makiyaya na dokar 1978, wanda sufirefe ke shugabanta. Abin da ya faru a Logon-Birni a 2021, inda rikici kan ruwa tsakanin masunta da makiyaya ya ci rayuka ya kori dubban mutane zuwa Chadi, ya isa ya nuna cewa maganar ba ta ado ba ce.

Sauran batutuwan duk a ƙofar gida suke. Madatsar Lagdo da aka kammala a 1982, wadda duk lokacin da aka saki ruwanta Nijeriya ke kokawa, kamar a 2012 da 2022, darasi ne na dokar kogin da ƙasashe ke tarayya a kansa. Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 ta amince da kundin ruwanta a 2012. Kisan giwaye a Buba Njidda a 2012, haƙar zinariya a Mayo-Rey, gawayi da itacen girki, haramcin leda mara kauri da ya fara aiki a 2014 amma ledar na nan a kowane kwata, sabuwar dokar ma'adinai ta 2023 da ta daji da namun daji ta 2024. Wani abin da ɗalibi zai gano da wuri shi ne cewa laifukan muhalli da yawa ba sa isa gaban alƙali, domin doka ta ba hukuma damar daidaitawa da mai laifi ya biya tara a rufe magana. Shi ya sa hukunce-hukuncen kotu a fannin ba su da yawa, kuma aikin ya fi yawa a ofis da ƙauye fiye da zauren kotu.

Ni ɗan Chadi ne. In na karanta a Ngaundere zai yi mini amfani a gida?

Ɗaliban Chadi sun daɗe suna cika Dang, ba kai ne na farko ba. Duk abin da ya shafi OHADA da CEMAC da dokar inshora ta CIMA ɗaya ne a ƙasashen biyu. Abin da za ka karanta da kanka shi ne dokokin gida: ta kare mai saye ta 2015, ta muhalli da aka kafa tushenta a 1998, ta daji da kifi ta 2008, da tsarin kotuna, domin Chadi tana da kotunan kasuwanci na musamman, Kamaru kuwa kotunan gama-gari ne ke sauraron shari'ar kasuwanci. Idan kuma gida ka fi so, Jami'ar Njamena tana nan tun 1971.

Mai sha'awar muhalli a Chadi ba zai rasa abin nazari ba. Bututun mai na kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi ya fara aiki a 2003. A 2013 gwamnati ta dakatar da kamfanin CNPC na Sin kan zubar da ɗanyen mai, a 2014 ta nemi dala biliyan 1.2, daga baya aka daidaita a kan dala miliyan 400. Ga haramcin gawayi na 2009 da yaƙi da leda a Njamena a 2010.

Malam, karatun nan bai saɓa wa addini ba?

Fatawa ta malamai ce, a je gare su. Abin da zan iya cewa shi ne wanda ya yi karatun babin ciniki a zaure zai tarar da abubuwa da yawa da ya sani. Mayar da kaya saboda aibi yana cikin fiƙihu. Tauye mudu akwai sura guda a kansa. Hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kowane ɗan kasuwa ya san shi. Tarayyar da wani ke kawo jari wani ya kawo ƙarfinsa tana da 'yar'uwa a cikin nau'o'in kamfanin OHADA. Inda ake samun saɓani shi ne kuɗin ruwa, kuma za ka karanta shi a darasin banki ko kana so ko ba ka so. A 2022 hukumomin kuɗi na CEMAC sun fitar da ƙa'idar harkar kuɗi ta Musulunci, kuma masu haɗa sanin fiƙihu da dokar banki kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya riƙe karatun zaurensa kada ya yar da shi.

Faransancina ba ƙarfi. Zan iya?

Nan ne yawanci suke faɗuwa, ba a wahalar doka ba. Aji na farko cike yake maƙil, malami na magana kana rubutawa, wanda bai iya kama jimla da sauri ba an bar shi a baya. Jarrabawa kuma iri uku ce: rubutun nazari, sharhin hukuncin kotu, da warware matsala. Kowace tana da tsarinta, musamman rabon amsa gida biyu, kowane gida kashi biyu, wanda malamai ba sa wasa da shi. Ɗalibi na iya sanin amsa sarai ya sha ƙasa don bai zuba ta yadda ake so ba. A TD, wato ƙananan ajujuwan atisaye, ake koyon wannan, kada ka yi fashinsu. Makin gwajin tsakiyar zango ma yana shiga lissafi, kada ka dogara da zagaye na biyu na jarrabawar da ake ba waɗanda suka faɗi. Harshe kuwa karatu ne ke gyara shi: shafi biyu na hukuncin CCJA kullum, da ƙamus a gefe. Ana samun hukunce-hukuncen da dokokin OHADA kyauta a intanet.

Ingilishi fa, tunda da Nijeriya muke ciniki?

Ka riƙe shi da kyau. Kamaru tsarin shari'a biyu gare ta, na Faransa a yankuna takwas, na Ingila a biyu. Nijeriya na Ingila take bi, da dokar kamfanoninta ta 2020 da ta gasa da kare mai saye ta 2018. Kayan da aka saya a Mubi ko Kano aka sauke a Garwa, in rigima ta tashi tambayar farko ita ce dokar wace ƙasa da kotun wace ƙasa. Mai Hausa da Faransanci da Ingilishi yana da abin da lauyan Duwala ba shi da shi. Amma lisans ɗin Kamaru ba ya ba ka izinin tsayawa a kotun Nijeriya, can sai ka bi makarantar lauyoyinsu.

'Yata ce ke so. Ya dace da mace?

Ya dace, Hajiya. Mata suna alƙalanci da aikin lauya da na notar, mai rubutawa da tabbatar da takardun doka, a ƙasar nan, kuma aikin sashen shari'a na banki ko kamfani na ofis ne mai lokacin tashi. Mata masu adashe da ƙungiyoyin gama-kai sun fi sakin jiki da mace idan maganar kuɗi ta taso. A tsaya a nema mata masauki mai aminci kafin a fara.

Bayan an gama, aiki fa?

Lisans kaɗai ba ya ba da aiki, a san wannan tun yanzu. Alƙali da magatakardan kotu ta gasar shiga ENAM, makarantar horar da alƙalai da ma'aikatan mulki, a Yawunde ake bi, masu nema dubbai, gurabe kaɗan. Lauya sai ya ci jarrabawar shiga horo, ya yi shekara biyu a ofishin wani lauya, ya sake cin ta fita, kuma ba kowace shekara ake shirya jarrabawar ba. Notar da wisiye, mai kai sammaci da zartar da hukunci, gurabensu a ƙidaye suke, gwamnati ke naɗawa.

Inda ƙofa ta fi buɗuwa shi ne sashen bin bashi da shari'a na bankuna da ƙananan cibiyoyin lamuni, kamfanonin inshora, masu fitar da kaya a kwastan, manyan kamfanonin yankin irin su kamfanin auduga na Sodecoton a Garwa da masana'antar siminti ta Figil, ƙananan hukumomi da dokar 2019 ta ƙara wa iko, ofisoshin da ke yin nazarin tasirin muhalli, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa Mai Nisa da kewayen tafki. Sai kasuwancin gida, wanda yara ke gudu saboda suna ganin komawa shago faɗuwa ce. Ban yarda da su ba. Wanda ya mayar da harkar mahaifinsa kamfani mai littafin lissafi, har banki ya yarda ya ba ta lamuni, ya ci moriyar karatunsa fiye da wanda ya shekara biyar yana jiran gasa.

A cikin ukun wanne zan zaɓa?

Dokar kasuwanci ka sa a gaba, ka ɗora ɗaya daga sauran a kai. Ita ce ke da kasuwa a ƙasashe 17, kuma kamfanin da ka iya kafawa shi ne gobe zai buƙaci takardar muhalli, shi ne kuma mai saye zai kai ƙara. Wanda zuciyarsa ke kan muhalli tsantsa ya bi dokar hukuma, ya ƙara da sanin dokar filaye ta 1974, domin rikicin muhalli a nan kusan kullum rikicin ƙasa ne. Akwai kuma mastar ta dokar muhalli ta duniya da Jami'ar Limoj ta Faransa ke bayarwa daga nesa, 'yan Afirka da dama sun bi ta.

Kafin a koma karatu a Oktoba me zan yi?

Ka haɗa takardunka da wuri, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a takardar haihuwa da ta bak, domin bambancin harafi ɗaya yakan tsayar da mutum a ranar karɓar shaida ko shiga gasa, gyaransa kuma sai ta kotu. Ka sauke dokar 2011 a wayarka, gajeriya ce, ka karanta ta sau biyu. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, ka je kotun garinku ranar shari'ar kasuwanci ka zauna a baya ka saurara. Sannan ka roƙi Baba ya nuna maka yarjejeniyar hayar shagonsa, ka duba ranar da wa'adinta zai cika.